Yadda Za Ka Zana Zaman Lafiya Ba Tare Da Aron Kurciyar Wani Ba

Duk lokacin da na ce wa masu koyon zane su zana mini zaman lafiya, kafin su gama fiƙe fensir na san abin da zai dawo hannuna: farar kurciya da ganye a baki, ko hannaye biyu suna musabaha, ko tutar ƙasa da zuciya a tsakiya. Ba na ganin laifinsu, abin da suka tashi suna gani ke nan a bangon makaranta da allunan ƙungiyoyi. Sai dai in ka tambayi yaro ganyen mene ne a bakin kurciyar, zai ce na zaitun, alhali ko karo ya yi da bishiyar zaitun ba zai gane ta ba. Abin da idon wani ya gani ya zana. Shi ya sa mai kallo zai gyaɗa kai ya wuce, ba abin da ya taɓa masa zuciya.

Wahalar a fili take. Doki yana da ƙafa huɗu da wutsiya, in ka kuskure kowa zai gaya maka. Zaman lafiya kuwa ba shi da jiki, ba shi da kama. Amma ai ita ma iska ba a ganinta, kuma kowane mai zane ya san dabararta: ka zana wanki a kan igiya ya karkata gefe guda, shi ke nan an ga iska. Haka za mu bi da zaman lafiya. Za mu nemi sawunsa a jikin abubuwan da muka sani, mu zana su yadda suke, sannan mu yi ta ragewa har ma'anar kaɗai ta saura a takarda.

Kayan aiki

Fensir uku sun isa: HB don shata layin farko, 2B don inuwa, 6B don wurin da ya fi duhu. Ka haɗa da kilina mai laushi, reza, ɗan auduga, baƙin biro, farar takarda kamar ashirin ta gwaji, da kwali mai kauri guda biyu na aikin ƙarshe. In babu 6B, gawayin murhu mai laushi zai yi. Wanda ya yi makarantar allo yana da wata dukiyar a hannu: tawadar gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Layin da suke bayarwa yana da rai fiye da na biro.

Mataki na farko: san inda sanannun alamomin suka fito

Kurciya da ganyen zaitun tsohuwar alama ce, tana komawa ga labarin jirgin Annabi Nuhu kamar yadda ya zo a Baibul, inda tsuntsuwar ta dawo da ganye a baki aka gane ruwa ya janye. Amma wanda ya yaɗa ta a duniyar yau shi ne Pablo Picasso, mai zane ɗan Sifaniya. A 1949 aka ɗauki wani zanensa aka buga a takardar sanarwar babban taron zaman lafiya da aka yi a Paris cikin watan Afrilu. Abin lura, tantabara ce ta gaske ya zana, wadda abokinsa Henri Matisse ya ba shi, kuma mahaifinsa ma mai zanen tantabaru ne a garin Malaga. Tsuntsuwar gidansu ce, ya san yadda take tsayuwa da yadda take kumbura wuya.

Da'irar nan mai layi a tsakiya da rassa biyu a ƙasa, Gerald Holtom ne ya zana ta a Ingila a 1958, don tattakin masu adawa da makaman nukiliya daga Landan zuwa Aldermaston. Ya haɗa haruffan N da D ne, farkon kalmomin Turanci "Nuclear Disarmament", wato kwance ɗamarar nukiliya, yadda ma'aikatan jirgin ruwa ke nuna su da tutoci. Mutum-mutumin bindigar da aka ƙulle wa baki kamar igiya, wanda ke harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York tun 1988, aikin wani ɗan Suwidin ne, Carl Fredrik Reuterswärd. Mu ma a yankinmu muna da tamu: a Timbuktu ranar 27 ga Maris 1996 an tara makamai kusan 3,000 aka cinna musu wuta bayan sulhu, aka sake yin irin haka a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Wuta, wadda ko'ina alamar ɓarna ce, a nan ta zama alamar kwance ɗamara, saboda abin da take ci.

Wanda na fi so ka tsaya a kansa shi ne zanen bangon da Ambrogio Lorenzetti ya yi a zauren majalisar birnin Siena na Italiya tsakanin 1338 da 1339. Ya zana zaman lafiya a siffar mace mai fararen tufafi, ta kishingiɗa a kan matashi, sulken yaƙi a ƙarƙashinta. Amma bai tsaya nan ba, ya cika wani dogon bango da abin da zaman lafiya ke haifarwa: magina a kan rufi suna aiki, mai takalma a shagonsa, malami da ɗalibai, masu rawa a titi, ƙofar gari a buɗe mutane na shiga suna fita da dabbobi, manoma a gona nesa da ganuwa. Ka ɗauke matar gaba ɗaya, wanda ya kalli bangon zai gane garin lafiya lau yake. Wannan ita ce hanyar da za mu bi.

Mataki na biyu: rubuta kafin ka zana

Ajiye fensir, ɗauki biro. A saman takarda rubuta wannan tambaya: da me nake gane ana zaune lafiya? Ka ba kanka minti goma sha biyar, kuma sharaɗi ɗaya ne, kada ka rubuta abin da ba a iya gani ko taɓawa. "Haɗin kai" ba amsa ba ce, "soyayya" ma haka. Amsa ita ce irin waɗannan: tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida lokacin zafi, mutane sun kwana a waje. Mai shago ya gitta benci a bakin shagonsa ya tafi salla bai kulle ba. Fartanya an bar ta a gona har gobe. Rumbu cike a bayan gari ba mai gadi. Takalma barkatai a ƙofar zaure, manya da ƙanana. Motar kasuwa ta kama hanya da asuba, direba bai tsaya tambayar ko hanya ta yi kyau ba. Wanda ya taɓa rasa waɗannan abubuwa, kuma da yawa daga cikinmu sun rasa, ba zai sha wahalar cika takardar ba.

Daga nan sai ka tantance, domin kalmar tana da rassa. Akwai kwanciyar hankali, wadda ke cikin zuciyar mutum ɗaya. Akwai aminci, wato rashin tsoro. Akwai sulhu, wanda ke zuwa bayan an saɓa. Akwai zaman tare, na mutanen da ba iri ɗaya ba. Kowanne da zanensa, kuma mai son cusa su duka a takarda ɗaya zai ƙare da kasuwa. Zaɓi ɗaya, ka rubuta shi a jimla guda a bayan kwalinka. Tawa a wannan darasi ita ce: abin da ya fashe an ɗinke, kuma ana ci gaba da ci a ciki tare.

Akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa, gara in nuna maka shi tun yanzu. Shiru daban, zaman lafiya daban. Kufai ma shiru ne. Garin da aka watse aka bari, ba ka jin ko kukan akuya. In ka zana fili fetal da bukkoki ba motsi, mai kallo zai iya ganin gudun hijira, ba natsuwa ba. Dole ka bar alamar rai ko da ƙanƙanuwa ce: hayaƙi yana tashi a miƙe daga madafi, wanki a igiya, sawun ƙafa zuwa rijiya, buta a jiƙe.

Wasu za su ce ba sa zana mai rai, kuma na girmama wannan. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi game da surar masu rai, sannan ya nuna masa ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Duk abin da ke cikin wannan jagora ana yin sa ba tare da fuska ko dabba ba. A ganina ma ya fi ƙarfi haka, don takalmi a bakin ƙofa yakan faɗi abin da fuskar mai shi ba za ta faɗa ba.

Mataki na uku: koya wa hannu natsuwa

Raba takarda gida shida. A kowane gida za ka ja layuka kawai, ba siffar komai ba: gida na farko fushi, na biyu tsoro, na uku gaggawa, na huɗu gajiya, na biyar barci, na shida natsuwa. Minti biyu kowanne, kada ka yi dogon tunani.

Da ka gama, duba abin da hannunka ya yi da kansa. Fushi zai fito da tsini, layuka suna sarar juna, fensir har yana neman huda takarda. Tsoro gajeru ne masu karkarwa, sun taru a lungu. Natsuwa kuwa kusan kullum dogayen layuka ne a kwance, ko masu lanƙwasa a hankali, da tazara a tsakaninsu. Dalilin a jikinmu yake. Mun san abin da ya kwanta ba zai faɗi ba, ruwan da ya lafa a kwance yake, mai barci ma haka. Layin tsaye yana nuna ƙarfi da tsayuwa, kamar giginyar bakin rafi. Layin da ya karkata shi ne mai tayar da hankali, domin ido na jiran ya faɗi.

Ka lura da bambancin gida na huɗu da na shida. Layin gajiya yana faɗuwa a ƙarshe, yana mutuwa. Na natsuwa yana tafiya da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Don samun wannan, riƙe fensir daga can baya, ba kusa da baki ba kamar mai rubutu. Ɗaga gwiwar hannu daga tebur, motsi ya fito daga kafaɗa. Ja numfashi, ka ja layin yayin da kake sakinsa, daga wannan gefen takarda zuwa wancan ba tsayawa. Cika takarda biyu da wannan kullum har mako guda. Hannun da ke gaggawa ba ya ɓuya, layi yana tona shi.

Mataki na huɗu: gwaji a gidan ashana

Kada ka fara zane a kwalin tukuna. Zana akwatuna goma sha biyu a takarda, kowanne girman gidan ashana, ka gwada tsarin zanenka a cikinsu da baƙi da fari kawai. A wannan girman ba wurin ado, sai babbar tambaya: me zai zauna ina?

Abu uku za ka gwada. Na farko, nauyi ya sauka ƙasa: abu mafi duhu da girma ya kasance a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan takarda, sama ta zama sarari. Zanen da nauyinsa ke sama yana sa mutum jin kamar wani abu zai rikito masa. Na biyu, ka bar fili. Masu koyo suna tsoron farar takarda, suna ganin duk inda ba su taɓa ba kamar aikin bai ƙare ba. A zanen zaman lafiya, rabin takarda ko fiye ya zama wurin da ido zai huta. Na uku, daidaito. In ka raba zane biyu ka sa hagu da dama iri ɗaya sak, zai tsaya ƙiƙam kamar sojan fareti. Ka tuna sikelin mai awo: ƙaramin dutse a wannan gefe yana riƙe tulin auduga a wancan. Babban abu mai haske a hagu, ƙaramin abu mai duhu a dama can nesa, sai zanen ya zauna daram kuma yana numfashi.

Zaɓi biyu da suka fi, ka kwana a kansu, da safe ka ɗauki ɗaya.

Mataki na biyar: zana ƙwaryar

Abin da na zaɓa shi ne ƙwaryar fura da nono, wadda ta taɓa tsagewa gyartai ya ɗinke, da ludayi biyu a ciki. Geron na manomi ne, nonon na makiyayi ne, kuma babu wanda zai sha ɗaya ba ɗaya ya ce ya sha fura. Ba sai na yi wa Bahaushe ko Bafulatani dogon bayani ba. Nemo ƙwarya ta gaske ka ɗora a kan gammo, kusa da taga ko ƙofa, haske ya zo ta gefe ɗaya kawai. Hasken safe ko na bayan la'asar ya fi, na tsakar rana yana yanka inuwa da kaifi. Kada ka zana daga ka, kada kuma ka kwafa daga hoton waya.

Fara da bakin ƙwaryar. Da'ira ce, amma daga inda kake zaune za ka gan ta a matse. Da HB ja layi a kwance, tsawonsa faɗin bakin, sannan gajeren layi a tsaye ya ratsa tsakiyarsa. Don sanin tsawon gajeren, miƙe hannunka da fensir, rufe ido ɗaya, ka auna sau nawa zurfin bakin zai shiga faɗinsa. In sau uku ne, to haka za ka sa a takarda. Yanzu zagaya ƙarshen layukan huɗu da layi ɗaya mai sauƙi, ka fara juya hannu a iska sau biyu ko uku kafin fensir ya taɓa takarda. Kuskuren da aka fi yi shi ne gefen hagu da dama su yi tsini kamar ido ko kifi. Bakin ƙwarya ba shi da kusurwa, ko ya matse yaya sai ya juya a hankali.

Sauko da cikin ƙwaryar daga gefen biyu su haɗu a ƙasa, amma kada ka gama zagayen, bari gammo ya haɗiye gindin. Ƙwarya ba kwanon masana'anta ba ce, wani gefen yakan fi wani kumbura, ka bar mata wannan. A cikin bakin, ja wata da'irar matsattsiya ƙasa kaɗan, ita ce fuskar nonon. Dole ta kwanta daidai ko da ƙwaryar ta ɗan karkata, domin ruwa ba ya bin karkatar mazubi. Wannan ɗan layin shi ne mafi natsuwa a zanen duka, ka ba shi haƙƙinsa.

Sai ludayi, kuma a nan ma'ana take. In ka gitta su kamar almakashi, sun zama takubba. In ka sa su daura da juna tsaye, sun zama masu jayayya. Jingina ɗaya a gefen hagu, ɗaya a dama, kawunansu a cikin nono kusa da juna, hannayensu sun kwanta sun buɗe waje kamar an ajiye za a dawo. Kada su zama girma ɗaya. Ɗaya ya ɗan fi tsawo, ɗaya ya fi duhu don tsufa.

Yanzu tsagar. Ja ta daga baki zuwa ƙasa, ba a tsakiya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gefen da haske ke bugawa. Ita kaɗai ce layi mai kaifi a zanen, don haka ka yi ta siririya, kada ta wuce rabin jikin ƙwaryar. Gyartai yakan huhhuda gefen tsaga biyu da basilla sannan ya ɗinke, to kai ma haka: ɗigo biyu biyu a gefe da gefe, sannan gajerun layuka su haɗa su. Bakwai ko tara sun isa. Ka yi su a tsanake, tazara kusan ɗaya, kowanne da 'yar inuwarsa a ƙasa don ya fito kamar zare na gaske. Na sha ganin masu koyo suna son share tsagar don ƙwaryar ta yi kyau. Ina hana su. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ƙwaryar da ba ta taɓa fashewa ba kayan jere ce kawai. Ɗinkin ne ke gaya wa mai kallo cewa wani ya zauna ya ɓata lokacinsa don kada a yar da ita.

Kafin inuwa, yi ɗan tsani a gefen takardar gwaji mai gida biyar, daga fari zuwa baƙi ƙirin. Yawancin zanen zai zauna a gida na biyu da na uku. Lumshe ido ka kalli ƙwaryar, ƙananan abubuwa za su ɓace, sai manyan wuraren haske da duhu. Shafa 2B a kwance a gefen da ba haske, layukan su bi zagayen ƙwaryar, sannan ka murza da auduga kaɗan. A can ƙarshen gefen duhu ka bar siririn haske, wanda ke dawowa daga ƙasa, shi ke sa abu ya yi ƙwallo. Gida na biyar, wato 6B, wuri biyu kawai zai shiga: ƙarƙashin ƙwaryar inda ta taɓa gammo, da cikin ramukan ɗinkin. Nonon kuwa kada fensir ya taɓa shi. Farin takarda ne zai zama nono, kai dai ka duhunta cikin ƙwaryar da ke kewaye da shi, zai haska da kansa. Ɗan gari-garin fura a gefe, ɗigo kaɗan da HB. A ƙarshe ja inuwar ƙwaryar a ƙasa, doguwa a kwance, tana narkewa a hankali har ta ɓace cikin farin takarda.

Mataki na shida: rage, ka sake ragewa

Abin da ke hannunka yanzu hoton ƙwarya ne mai ma'ana. Wani zai tsaya nan, kuma ba laifi. Amma in kana son kaiwa ga ma'anar tsantsa, sai an yi tankaɗe. Picasso ya nuna wannan a zanen bijimi da ya yi tsakanin 1945 da 1946: sau goma sha ɗaya yana maimaita shi, daga bijimi mai tsoka da gashi har ya koma 'yan layuka kaɗan, kuma bijimin bai gudu ba.

Ɗora siririyar takarda a kan zanenka, ka jingina su a gilashin taga don haske ya ratso. Kwafi layuka kawai, ban da inuwa. Ɗora wata a kan wannan, ka cire gammo da kaurin baki. A ta uku ka tambayi kowane layi: in na cire ka, jimlar da na rubuta a bayan kwali za ta mutu? In ba za ta mutu ba, ya tafi. Nawa yakan ƙare da abu uku: babban lanƙwasa kamar jinjirin wata a kwance, layuka biyu da suka gangaro daga hagu da dama suka haɗu a cikinsa, da 'yan gajerun layukan ɗinki. Wani ba zai ce ƙwarya ba ce, amma zai ga abu biyu sun sauka wuri ɗaya, wani abu na riƙe da su, kuma an taɓa gyara shi. Wannan matakin da alƙalamin kara da tawada ya fi daɗi, don ba a gogewa, dole ka yanke shawara kafin ka ja.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maginan da suka ƙawata bangayen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, masu zayyanar allo, masu aikin babbar riga, duk da layi da ƙulli suke magana. Dagi kansa darasi ne. Gwada mai sauƙinsa: zana dogayen zobba biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, su ratsa juna. Za su haɗu a wuri huɗu. Ƙara wa kowanne layi na biyu ya zama kamar ɗamara, sannan ka bi zobe ɗaya da yatsa: a mahaɗa ta farko ya hau, a ta biyu ya shiga ƙarƙashi, ta uku ya hau, ta huɗu ya shiga. Goge layukan da ke ƙarƙashi. Da zarar zobe ɗaya ya hau sau biyu a jere, ƙullin ya lalace, ido zai gane ko mai kallo bai san dalili ba. Mutanen Akan na Ghana ma suna da ƙulli a cikin alamominsu na adinkra da suke kira mpatapo, kuma ma'anarsa sulhu ce.

Mataki na bakwai: launi, in ana bukata

An saba cewa fari ne launin zaman lafiya, haka aka fassara farin da ke tsakiyar tutar Najeriya. Amma fari shi kaɗai ba ya haske sai da maƙwabci. Kada ka wuce launi uku: ɗaya mai yawa, ɗaya matsakaici, ɗaya ɗan ɗis. Shuɗi yana ja da baya yana sanyaya ido, ja yana tsalle gaba, don haka in za ka sa ja, ya zama ɗan kaɗan kuma a wurin da kake son ido ya sauka. Launin da ya fito kai tsaye daga kwalba yana da tsawa, karya shi da ɗigon kishiyarsa, shuɗi da ruwan lemo, kore da ja, sai ya lafa.

Ba sai ka sayi fenti ba. Ruwan shayi mai kauri yana ba da launin ƙwarya sak, kuma kana iya maimaita shafawa bayan ya bushe don ya ƙara duhu. Bular wanki ko ruwan baba za su ba ka shuɗi, jar ƙasa da aka tace aka haɗa da ɗan ƙaro za ta ba ka ja mai sanyi. Zoɓo yana da kyau ranar farko amma yana koɗewa, kada ka sa shi a aikin da kake son ya daɗe. Kowanne ka fara gwadawa a guntun kwali iri ɗaya, ka jira ya bushe, don launin ruwa yana yin haske in ya sha iska.

Mataki na takwas: gwada shi a idon wasu

Jingina zanen a bango ka koma baya taku shida. Sannan ka duba shi a madubi, duk karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Juya shi kai ƙasa ka ga ko nauyin ya rinjayi gefe ɗaya.

Bayan haka kai wa mutum uku da ba masu zane ba, kada ka gaya musu sunan zanen. Cikin ukun a samu dattijuwa guda. Kada ka ce "Mene ne wannan?", ka ce "Iya, da kika kalla me ya zo miki a rai?" In ta ce ta tuna gida, ko ta ce an yi baƙi, ko ta yi shiru ta ci gaba da kallo, aiki ya yi. In ta ce kamar an gudu an bar abinci, ka faɗa ramin kufai: ƙara ɗumi a launi, matso da ludayan kusa, ko ka sa faifai a jingine a gefe kamar yanzu aka buɗe. In ta ce ƙwaryar ta kusa rabewa, tsagar ta yi yawa, rage tsawonta ka ƙara ɗinki. In ukun duka suka ce kawai "ƙwarya ce", koma mataki na huɗu, wataƙila ka cika takardar ba ka bar fili ba.

Idan ya zauna, sa hannu da kwanan wata ƙanana a kusurwar ƙasa, da fensir, kada sunanka ya fi ɗinkin fitowa. Zanen fensir da gawayi yana gogewa, don haka rufe shi da farar takarda ka ajiye a kwance tsakanin kwali biyu, nesa da rana da danshin damina. Takardun gwajin ma kada ka yar, haɗa su da jerin da ka rubuta a mataki na biyu. Akwai sauran abubuwa a jerin nan, bencin mai shago da fartanyar da ta kwana a gona, kuma kowanne zai bi waɗannan matakai daga na uku.